Yadda shuka take ci da sha: amsa ga wani mai lambu a Kumasi

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa gona albarka. Saƙonka ya iso, kuma na fahimci cewa abubuwa uku ne suka ɗaure maka kai a lambunka na bakin rafi da ke wajen Gyinyase. Ka zuba wa attaruhu takin zamani da rana, washegari ka tarar ya yi yaushi kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Masararka kuma, bayan ruwan watan Yuni ya kwanta a cikinta kwana uku, ganyenta na ƙasa ya koma ruwan ɗorawa duk da takin da ta sha. Sannan tumatir yana baƙi ta gindin 'ya'yan, ka sayi maganin feshi har sau biyu bai yi komai ba. A ƙarshe ka ce in bar zancen magani tukuna, in faɗa maka yadda shuka take cin abinci tun asali. Tambayar da ta dace ke nan, domin ruwa ba ya tsami banza, kuma duk ukun nan amsarsu tana cikin hanyar da abinci yake bi daga ƙasa zuwa ganye, da wadda yake bi daga ganye zuwa sauran jiki.

Mu manoma muna cewa taki abincin shuka ne, amma a haƙiƙa ƙaramin kaso ne na abin da jikinta ya ƙunsa. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Jan van Helmont ya dasa ƙaramar bishiya mai nauyin kilo biyu da 'yan kai a cikin tukunya mai ɗauke da busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90, ya shekara biyar ba ya ba ta komai sai ruwa. Da ya tuge ta ya auna, sai ya samu ta kai kusan kilo 77, alhali ƙasar tukunyar ba ta ragu da abin da ya wuce giram 60 ba. An buga wannan labari a 1648, bayan rasuwarsa. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya zama itace, kuma rabin gaskiya ya gano, domin sauran rabin daga iska yake. Ganye yana shaƙar iskar kabon dayoksaid, ya haɗa ta da ruwa da ƙarfin hasken rana ya ƙera sukari, kuma da wannan sukarin ake gina kara da saiwa da 'ya'ya. Idan ka busar da karan masara ƙarau, kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinsa daga iska da ruwa ya fito. Ɗan abin da ya rage, wanda mafi yawansa za ka gan shi a matsayin toka idan ka ƙona karan, shi ne rabon ƙasa. Sinadarai 17 aka tabbatar shuka ba ta rayuwa sai da su, 14 daga cikinsu ta saiwa suke shiga. Matsayinsu kamar na gishiri da daddawa ne a tukunya: ba su ne ke cika ta ba, amma in babu su miya ba ta ciwuwa.

To, yaya suke shiga? Gobe da safe ka je wurin renon irinka ka tuge ɗan tsiron tumatir guda a hankali, ka ɗaga shi ga haske. Kusa da ƙarshen kowace farar saiwa za ka ga wani wuri da ƙasa ta manne masa ta ƙi kaɗuwa, in kuma ka dube shi da kyau za ka ga farin gashi mai laushi kamar na jariri. Wannan gashin shi ne bakin shuka. Tsohuwar saiwa mai kauri da duhu, wadda ido yake fara gani, aikinta riƙe shuka da wucewa da kaya ne, sha kuwa galibi a wannan ɗan wuri na sabuwar saiwa ake yin sa. Gashin yana rayuwa kwanaki ko 'yan makonni ne, ya mutu, wani ya fito a gaba yayin da saiwa take ƙara kutsawa. A 1937 wani masani a Amurka mai suna Howard Dittmer ya zauna ya ƙididdige saiwar tsiro guda na wani hatsi ɗan'uwan alkama mai wata huɗu da shukawa, ya samu tsawon saiwoyin in an jera su ya haura kilomita 600, gashin kuwa kimanin biliyan 14. Wannan ya sa dashe yake yaushi a ranar farko, domin gashin ya tsittsinke wajen cira, kuma ya sa masu lambun da suka san aikinsu suke cirar iri da dunƙulen ƙasarsa, su dasa da yamma.

Saiwa ba ta da haƙori, saboda haka ƙwayar taki ba ta shiga cikinta sai ta narke a ruwa ta rarrabu zuwa ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani. Kashin kaji ma haka ne, sai ƙananan halittun ƙasa sun ruɓar da shi sun saki abin da ke cikinsa. Da zarar an kai wannan mataki, saiwa ba ta bambanta naitirojin ɗin buhu da na kashin kaji. Bambancinsu yana wajen saurin sakin da kuma abin da kowanne yake yi wa ƙasar kanta.

Ruwa yana da wata ɗabi'a wadda ita ce asirin attaruhunka. Idan siririyar fata mai rai ta raba ruwa biyu, ɗaya salam, ɗaya mai gishiri, to ruwan yana ratsawa ne zuwa ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Matan gida sun san wannan ba tare da an ba shi suna ba: a yanka gauta ko kabeji a barbaɗa masa gishiri, kafin a juya an ga ya tsatso ruwa ya langaɓe. A ƙasa mai lafiya, ruwan cikin saiwa ya fi na waje kauri da sukari da gishiri, don haka ruwa yake shiga da kansa. Takin zamani kuwa mafi yawansa gishiri ne a ma'anar kimiyya. Da ka tara shi a gindin attaruhu a busasshiyar ƙasa, ɗan danshin da ke wurin ya narkar da shi ya zama ruwa mai kaurin da ya fi na cikin saiwa, sai lamarin ya juye, ƙasa ta koma tsotsar shuka. Abin da muke kira ƙunar taki ke nan, kuma ƙishirwa ce zalla. Ni ma na taɓa yin wannan aika-aika a shekarata ta farko da fara aikin malamin gona, na shimfiɗa ɗanyen kashin kaji a fangali biyu na tattasai ina ganin na yi gwaninta, kafin kwana uku babu ko guda da ke tsaye. Ɗanyen kashin kaji yana da gishiri da tururin amoniya masu ƙarfi, sai an jibge shi ya yi makonni ana juyawa har zafinsa ya huce.

Shigar ruwa kyauta ce, amma shigar sinadaran tana da tsada. Fotasiyam da ke cikin ƙwayar halittar saiwa yakan ninka na ruwan ƙasa sau ɗari, wani lokaci har sau dubu, kuma duk da haka saiwa tana ci gaba da jawo shi ciki, kamar mai tura amalanke zuwa kan tudu. A jikin fatar kowace ƙwayar halitta akwai ƙananan ƙofofi, kowace da irin kayan da take karɓa, wannan ta naitirojin, waccan ta fosfaras, kuma ana tafiyar da su ne da ƙarfin da saiwa take samu idan ta ƙona sukarin da ganye ya aiko mata. Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ban san wurin da wannan magana ta fi zama daidai kamar nan ba. Ƙona sukari kuwa ba ya yiwuwa sai da iskar oksijin, wato saiwa tana numfashi dare da rana da iskar da ke cikin ƙananan ramukan ƙasa.

Nan ne masararka ta faɗa. Da ruwa ya kwanta kwana uku, ya cike ramukan nan ya kori iska, sai ƙofofin suka tsaya, gashin saiwa ya fara mutuwa, shuka tana tsaye cikin ruwa da taki amma ba ta iya ɗauka. Ga kuma asara ta biyu: naitirojin, idan ya rikiɗa zuwa siffar da ake kira naitiret, ba ya manne wa ƙasa, yana bin ruwa ya gangara ƙasa da inda saiwa take kaiwa, wani kuma ƙwayoyin halittar da ke rayuwa babu iska su mayar da shi tururi ya tashi sama. Kumasi tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara a damina biyu, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, saboda haka duk wanda ya zuba naitirojin ɗinsa gaba ɗaya a rana guda ya raba shi ne da rafi. Shinkafa tana jure kwanciyar ruwa domin tana da ramukan iska a cikin kara har zuwa saiwa. Masara ba ta da irin wannan gata, sai kunya mai tudu da magudanar ruwa.

Bayan ruwa da sinadarai sun shiga, sukan ratsa naman saiwa zuwa tsakiya, kuma kafin su isa akwai wani zobe na ƙwayoyin halitta da aka liƙe tsakaninsu da abu mai kama da kakin zuma, wanda ake kira da sunan Bajamushen da ya fara bayyana shi, Robert Caspary. Wannan zobe shingen bincike ne: babu abin da zai silale ta gefe, dole ya bi ta ƙofa a tantance shi. Sai dai mai gadin yana ruɗuwa. Gubar asenik tana kama da fosfaras a siffa, kadmiyam kuma yana bin ƙofar tutiya da ƙarfe, don haka suna samun shiga. Wannan ne dalilin da ya sa ban ruwa da kogin da masu galamse, wato masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, suka gurɓata, irin Offin da Pra, yake da haɗarin da wanke ganye ba ya kawarwa, tunda wani abin yana cikin naman ganyen ne. Kai ma da kake ɗiba a rafin da ya ratso gari, ya kamata ka san abin da ake zubarwa a samansa.

Daga tsakiyar saiwa kaya suna shiga hanya ta farko, wadda masana suke kira zailam, ni kuwa nakan ce wa manoma hanyar hawa. Bututai ne sirara da aka yi da matattun ƙwayoyin halitta da aka jera baki da baki, tun daga saiwa har jijiyar ganye, kuma katakon da ake sassaƙa a kasuwar katako ta Sokoban ba komai ba ne illa tarin waɗannan bututai. Babu zuciya a cikin shuka, babu famfo. Famfon da ke tsotso daga sama ba ya iya ɗaga ruwa fiye da mita 10, amma rimin daji yana haura mita 50, a Kalifoniya ta Amurka kuma akwai bishiyar da ta kai mita 115, kuma ruwa yana isa ƙololuwarta kullum. Amsar da Henry Dixon da John Joly suka bayar a Dublin a 1894 ita ce har yau ake kai: ganye ne yake ja. A jikin ganye, musamman bayansa, akwai dubban ƙananan bakuna da suke buɗewa don shaƙar iska, kuma muddin suna buɗe ruwa yana fita ta cikinsu a matsayin tururi. Kowane ɗigon da ya fita yana jan na bayansa, domin ƙwayoyin ruwa suna riƙe juna kamar igiya, sai jan ya gangara ta kara har ya kai gashin saiwa. Ka tuna da lagwanin fitila, wuta tana cin mai a sama, man ƙasa yana hawowa.

Gani ya kori ji. Ka ɗaura farar leda a reshen mangwaro mai ganye da hantsi, ka dawo bayan la'asar, za ka tarar ruwa ya taru a gindin ledar. Ko ka yanko farin ganyen kabeji na ciki ka tsoma gindinsa a kofin ruwan da ka zuba wa jar kalar masu yin kek, kafin gari ya waye jijiyoyin ganyen sun yi ja ɗaya bayan ɗaya, ka ga hanyar hawa da idonka. Sama da kashi 95 cikin 100 na ruwan da shuka take sha ta haka yake fita, tsiron masara guda yana iya fitar da kusan lita 200 daga shuka zuwa girbi. Mutum zai ce ɓarna ce, amma da wannan ruwan ake sanyaya ganye, kuma shi ne motar da take ɗauko sinadarai daga ƙasa. Da dare bakunan suna rufewa, jan ya tsaya, saiwa kuma ta ci gaba da tara gishiri a bututan har ruwa ya matsu ya hau da kansa. Ɗigon da kake gani da asuba ya jeru a bakin ganyen masara ko a tsinin ganyen gwaza, wanda ake kira kontomire a nan, ba raɓa ba ce, daga ciki ya fito.

Hanya ta biyu ita ce fulowam, hanyar rabo. Tana kwance ne a cikin ɓawo, dab da katako, kuma ƙwayoyinta rayayyu ne. Ita take ɗaukar sukarin da ganye ya ƙera ta kai shi duk inda ake bukata, sama ko ƙasa: sabon toho, fure, 'ya'ya, saiwa. Bayanin da Bajamushe Ernst Münch ya tsara a 1930 ya dogara da waccan ɗabi'a ta ruwa da muka ambata. A ganye ana loda sukari cikin bututun har ya yi kauri, ruwa ya shigo ya matsa, a can wajen doya ko ƙwallon tumatir ana sauke sukarin, matsin ya ragu, sai ruwan zaƙin ya riƙa gudana daga wurin lodi zuwa wurin sauke, yana cin abin da bai wuce mita guda ba a awa a yawancin shuke-shuke. Rogo da doya da dankali rumbuna ne na wannan hanya, rake ma haka. Shi ya sa wanda ya yawaita tsinkar ganyen gwaza don miya yake samun ƙananan gwaza a ƙasa, kuma shi ya sa rage wa tumatir 'ya'ya yake sa sauran su girma, tunda masu cin tuwon sun ragu.

Masu gonar koko, na itace nake nufi ba na karin kumallo ba, sun daɗe da sanin wannan hanya. Idan suna son kashe babbar bishiya ba tare da sara ba, sai su ɓare ɓawonta zagaye. Bishiyar takan yi watanni da ganyenta kore shar, domin hanyar hawa tana cikin katako ba a taɓa ta ba, amma an datse hanyar rabo, saiwa ta cinye ajiyarta ta mutu da yunwa, daga nan sama ta bushe. Akuyar da ta gaigaye ɓawon ƙaramin lemo zagaye ta yi masa irin wannan aiki. Ɓarayin shuka ma kowa da hanyar da yake tarewa. Kauci a kan koko da ƙuduji a saiwar dawa da masara suna huda bututan ne su sha. Ƙwarin darɓa suna soka bakinsu a hanyar rabo, zaƙin ya yi musu yawa su zubar da saura a kan ganye, tururuwa ta biyo. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga ta wannan hanya yake yaɗa cutar kumburin reshen koko, wadda aka fara ba da rahotonta a gabashin ƙasar nan a 1936, kuma tana cikin dalilan kafa tashar binciken koko ta Tafo a 1938.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, domin da shi za ka riƙa karanta gonarka ba sai ka jira ni ba. Wasu sinadaran suna iya bin hanyoyin nan biyu, wasu kuwa hanyar hawa kaɗai suka sani. Naitirojin da fosfaras da fotasiyam da maganiziyam suna shiga hanyar rabo, saboda haka idan suka yi ƙaranci, shuka tana kwashe su daga tsofaffin ganye ta kai wa sabbi, kamar uwar da take rage nata tuwon ta ƙara wa yara. Alamar rashinsu a ganyen ƙasa take fara fitowa. A masara, rashin naitirojin yana farawa da ruwan ɗorawa daga tsinin ganye yana bin jijiyar tsakiya, rashin fotasiyam yana ƙona gefe-gefen ganye ya bar tsakiya kore, rashin maganiziyam yana zana layuka tsakanin jijiyoyi, rashin fosfaras kuma yakan mayar da ƙaramar masara shunayya ta tsumbure. Kalsiyam da boron da ƙarfe kuwa, inda suka sauka nan suke zama, ba a iya kwaso su, don haka sabon toho da 'ya'ya ne suke fara nuna rashinsu. Farar wuta ma galibi a sabon ganye ake ganin rashinta. Abin da ka kwatanta a masararka, ganyen ƙasa ne ya yi ɗorawa na sama yana kore, naitirojin ne. Idan ƙasar ta tsane kuma masarar ba ta fitar da kai ba, ƙarin taki kaɗan zai iya farfaɗo da ita.

Tumatir ɗinka kuwa ba cuta ce ta kama shi ba, shi ya sa feshi bai yi aiki ba, kuma da wuya a ce ƙasarka ce ba ta da kalsiyam. Matsalar ta sufuri ce. Kalsiyam yana tafiya ne a hanyar hawa kaɗai, yana bin ruwa zuwa inda ake ja da ƙarfi, ganye kuwa ya fi kowa ja, ƙwallon tumatir da fatarsa mai santsi kusan ba ya fitar da tururi. Mafi yawan abin da yake cika shi ta hanyar rabo yake zuwa, wadda ba ta ɗaukar kalsiyam. Saboda haka idan ƙasa ta bushe kwana biyu, ɗan ruwan da ke akwai ganye ne yake kwashewa, ƙwallon da yake tsakar girma ya rasa kalsiyam ɗin gina bangon ƙwayoyinsa, kuma wurin da ya fi nisa da mariƙinsa, wato gindi, shi yake fara rushewa ya yi baƙi. Iskar hunturu tana ƙara tsananta wannan domin tana sa ganye ja fiye da kima. Yawan naitirojin ma yana ƙara shi ta hanya biyu: yana yawaita ganye, kuma takin da muke kira amoniya yana gogayya da kalsiyam a bakin saiwa. Ƙunar bakin ganyen cikin latas da kabeji ɗan'uwan wannan ne. Fesa kalsiyam a ganye ba ya kai shi cikin ƙwallo saboda dalilin da na faɗa, kuma a ganina kuɗin da ake kashewa a kansa gara a sayi ciyawar rufe gindi da su. Gyaɗa tana da nata salon: tunda 'ya'yanta a cikin ƙasa suke, ba su da ja ko kaɗan, sai kwanson ya sha kalsiyam kai tsaye daga ƙasar da ke kewaye da shi, in ya rasa ka fasa ka ga wayam.

Fosfaras shi ne kishiyar naitirojin wajen tafiya a ƙasa. Kusan ba ya motsi, 'yan milimitoci kawai yake matsawa, kuma jar ƙasar dajin Ashanti mai tsami tana da ƙarfe da alminiyam masu kama shi su riƙe. Wanda aka watsa a saman ƙasa can zai zauna, dole a binne shi inda saiwa za ta tarar da shi, tun lokacin shuka. A nan shuka tana da abokan hulɗa. Kimanin kashi 80 cikin 100 na nau'o'in tsirrai suna zama da wata irin farar funfuna mai zare a saiwarsu, zaren yana shiga lungunan da gashi ba ya kaiwa ya kawo fosfaras, a biya shi da sukari, kuma rogo yana cikin waɗanda suka fi dogara da ita, abin da yake taimaka masa ya yi a ƙasar da ta gaji. Wake da gyaɗa da waken suya kuma suna ajiye ƙwayoyin bakteriya a cikin ƙulle-ƙullen saiwarsu, waɗanda suke kamo naitirojin daga iska, inda yake kashi 78 cikin 100 amma shuka ba ta iya taɓa shi da kanta. Ka tuge wake mai fure ka fasa ƙulli guda da farce: in cikinsa ja-ja ne yana aiki, in fari ne ko kore to zaman banza yake yi.

Tsamin ƙasa yana iko da duk waɗannan ƙofofi. A ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa take sauka idan tsami ya ƙaru, yawancin kayan lambu sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7, idan kuma ya sauka ƙasa da 5.5 alminiyam yana narkewa ya gurgunta bakin saiwa, ta yi gajere ta yi kauri, komai yawan takin da aka zuba ba ta da bakin sha. Takin amoniya, mai naitirojin kashi 21 da farar wuta kashi 24, yana ƙara tsami shekara bayan shekara, ya fi yuriya mai kashi 46 yin haka. Farar ƙasa ta noma tana gyarawa, toka ma tana taimakawa, musamman tokar ɓawon koko da na agade da ake yin sabulun salo da ita, wadda take cike da fotasiyam. Amma kada ka haɗa toka da yuriya ko kashin kaji a lokaci guda, naitirojin zai tashi iska. Kashin kajin da garin katako ya yi masa yawa kuma yana sa ƙwayoyin ƙasa su fara aron naitirojin don ruɓar da katakon, shuka ta yi ɗorawa na wasu makonni. Buhun NPK 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowane ɗaya daga cikin ukun, wato naitirojin da fosfaras da fotasiyam, bisa yadda ake lissafinsu a jikin buhu, kuma ba an yi shi don kalsiyam ko tutiya ba ne, saboda haka in ɗayan waɗannan ne ya gaza, ƙara buhu na biyu ba zai motsa komai ba.

Ga attaruhun da ya yi yaushi, in bai bushe ƙarau ba, ka kwashe ƙwayoyin takin da suka rage a gindi ka shayar da shi sosai don ruwa ya tsarma gishirin ya gangara da shi. Nan gaba ka jiƙa ƙasa tukuna, ka tona ɗan rami nesa da kara da tsawon yatsa ko fiye, ka binne takin, ka raba naitirojin ɗinka gida biyu ko uku. Masara a wurin da ruwa ke kwanciya sai a kan kunya, da lambatu a gefe. Tumatir kuma ka tsinke waɗanda suka riga suka yi baƙi domin ba sa warkewa, ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa, ka daidaita ban ruwa kullum a kan lokaci maimakon ambaliya yau ƙishirwa jibi, ka dakatar da amoniya har sai sabbin 'ya'ya sun fito lafiya. Kafin damina ta gaba, ka ɗebi ƙasa daga wurare kamar goma a lambun, zurfin tafin hannu zuwa santimita 20, ka gauraya su a bokiti mai tsabta, ka shanya a inuwa, ka kai rabin kilo Cibiyar Binciken Ƙasa da ke Kwadaso a auna maka tsami da fosfaras da fotasiyam da kalsiyam. Idan takardar ta fito ka turo mini hotonta, tare da hoton ganyen masarar, na ƙasa guda da na sama guda, mu duba tare.